Yadda ake saita tashin rautar Cisco da rajistar saiti

Akwai wata matsala da rautar Cisco, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da intanet, ke nunawa wadda kan sa mai ita ya fara lissafin kuɗin sabuwa, alhali lafiyarta ƙalau. An zauna an ba ƙofofinta, wato ramukan da ake jona kebul ɗin sadarwa, adireshi, an sa kalmar sirri, an adana, intanet yana tafiya. Da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, sai ta tashi babu komai a kanta, sunanta ya koma Router, tana tambaya ko a fara saita ta daga tushe, kamar yau aka ciro ta daga kwali. A sake saitawa a sake adanawa, gobe wuta ta ƙifta a koma gidan jiya. Nan da nan sai a yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwarta ta ƙone. Sau da yawa ba haka ba ne. Wata lamba ce aka bari a 0x2142 maimakon 0x2102, kuma an fi cin karo da haka a rautar hannu, wadda wani ya buɗe kalmar sirrinta kafin ya sayar, ya manta bai mayar da lambar ba.

Wannan lamba ita ce rajistar saiti. Ita ke gaya wa rauta inda za ta nemo manhajarta ta IOS lokacin tashi, da ko za ta karanta saitin da aka adana ko ta tsallake shi, da saurin da za ta yi magana da kwamfutarka ta kebul ɗin konsol. Misalan da ke nan na rautocin jerin 1800, 1900, 2800 da 2900 ne. Inda jerin 4000 ko tsohuwar 2500 suka sha bamban, zan faɗa.

Abin da za ka tanada

Aikin nan ta ramin konsol ake yin sa, wato ramin da ake jona kwamfuta kai tsaye don ba rauta umarni. Lokacin da rauta ke tashi ƙofofinta ba su fara aiki ba, don haka SSH da Telnet, hanyoyin shiga rauta daga nesa, ba za su nuna maka komai ba. Ka nemi kebul ɗin konsol, wato shuɗin nan mai faɗi, kai ɗaya RJ-45 ɗaya kuma DB-9. Kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba su da ramin DB-9, sai ka haɗa da adaftar USB. Jerin 1900 da 2900 suna da ƙaramin ramin USB na konsol, amma a Windows sai ka sa direbansa.

Buɗe PuTTY ko Tera Term, manhajojin da ake buga wa rauta umarni da su, ka zaɓi Serial, ka sa lambar COM ɗin da Device Manager ya nuna maka. Sauri 9600, bit na bayanai 8, parity babu, bit na tsayawa 1, flow control babu. In za ka taɓa fayil ɗin IOS, ka jona rautar da inbata ko UPS tukuna. Wuta ta yanke ana tsakar rubuta manhaja a filash, aikin minti goma ya zama na yini.

Yadda take tashi

Rauta tana da wuraren ajiya huɗu, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yi ta buga umarni a makance. ROM na ɗauke da ɗan shirin da ke tayar da ita, da kuma ROMMON, wato ƙaramin ɗakin gyara da ake faɗawa idan babu IOS. Filash na ɗauke da fayil ɗin IOS. NVRAM na riƙe da saitin da aka adana, startup-config, kuma ɗauke wuta ba ya goge shi. RAM na riƙe da saitin da ke aiki yanzu, running-config, shi kuwa da wuta ta tafi ya tafi.

Da ka kunna, rauta kan fara gwada kayan jikinta. Daga nan ta dubi harafin ƙarshe na rajista don sanin inda za ta nufa. In ya ce ta bi saiti, sai ta duba ko akwai layukan boot system a cikin startup-config, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. In babu, ta ɗauki fayil ɗin IOS na farko da ta samu a filash. In duk hanyoyi sun toshe, ta tsaya a ROMMON. Bayan IOS ya hau RAM, sai ta sake duba rajista: a karanta startup-config ko a bar shi? Wato sau biyu ake tambayar rajista, kuma tambayoyin biyu ba su da alaƙa. Wannan ne ya sa rauta kan tashi lafiya, IOS ya hau daidai, amma ta fito ba saiti.

Mataki na farko: karanta lambar kafin ka taɓa ta

`Router> enable`
`Router# show version`

Danna maɓallin tazara har ƙasa. Layin ƙarshe ne muke nema:

`Configuration register is 0x2102`

Rubuta abin da ka gani a takarda. Alamar 0x tana nufin lambar heksa ce, lissafi mai tushe 16, inda bayan 9 ake ci gaba da A har F. Bit wuri ne guda mai ɗaukar 0 ko 1, wato a kashe ko a kunne. Kowane harafi ɗaya yana wakiltar bit huɗu, haruffa huɗu ke nan bit 16, ana ƙirga su daga dama, a fara da sifili. Idan aka warware 2102 zai zama:

`0010 0001 0000 0010`

Bit uku ne a kunne: na 1, na 8 da na 13. Shi kuwa 2142:

`0010 0001 0100 0010`

Bambancin bit ɗaya tak ne, na 6, wanda darajarsa 0x0040. Shi ne mai cewa a yi watsi da abin da ke NVRAM. Ba ya goge saitin, tsallake shi kawai yake sa a yi.

Bit huɗu na dama, 0 zuwa 3, su ne filin tashi. In harafin ƙarshe 0 ne, kamar 0x2100, rauta za ta zarce ROMMON ta tsaya tana jiranka. In 1 ne, tsofaffi irin 2500 kan tashi da ɗan guntun IOS da ke cikin ROM, ka ga `Router(boot)>`, sababbi kuma su ɗauki fayil na farko a filash ba tare da kula da boot system ba. Daga 2 har F, a bi layukan boot system. Shi ya sa 2 ya zama na yau da kullum.

Bit 8 ya cancanci a tsaya a kansa, don mutane ba su cika kula da shi ba. Idan yana kunne, rauta ba ta sauraron siginar Break, wato siginar katsewa da ake aika mata ta konsol, sai a daƙiƙa 60 na farkon tashi. Idan aka kashe shi, misali 0x2002, Break zai jefa ta ROMMON a kowane lokaci, ko tana tsakar aiki. Kwamfutar da aka bari jone da konsol kan iya aika irin wannan sigina da kanta yayin da ake kashe ta ko kunna ta, sai a ga ofis gaba ɗaya ya rasa intanet ba wanda ya taɓa komai. Ban ga dalilin da zai sa a kashe bit 8 a rautar da ke aiki ba.

Bit 13 na cewa in an nemi manhaja ta hanyar sadarwa aka kasa, ta koma ga wadda ke jikinta. Bit 5, 11 da 12 su ke riƙe da saurin konsol, za mu zo kansu. Sauran, irin 7, 10, 14 da 15, ka bar su a kashe.

Mataki na biyu: canja ta daga cikin IOS

A ce ka tarar da 0x2142. Kafin komai, duba ko tsohon saitin yana nan:

`Router# show startup-config`

In ka ga adireshi da sunan da aka sa a da, to kayanka suna nan lafiya. Gyara rajistar:

`Router# configure terminal`
`Router(config)# config-register 0x2102`
`Router(config)# end`
`Router# show version`

Layin ƙarshe zai zama haka:

`Configuration register is 0x2142 (will be 0x2102 at next reload)`

Sabuwar lambar ba ta fara aiki sai an sake tayar da rauta. Buga `reload`. A nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Rauta za ta ce an canja saiti, ta tambaye ka ko a adana. Ka tuna ta tashi ne ba saiti, abin da ke RAM fanko ne. In ka ce yes, fankon zai hau kan saitinka na gaskiya ya shafe shi. Amsar ita ce no. Rajista ba ta buƙatar a adana ta, da ka buga config-register ta zauna. Don haka ma ba ta cikin abin da `write erase` ke gogewa: kana iya share saiti kaf, 0x2142 na nan daram.

Kada ka bar 0x wajen bugawa. Umarnin config-register na karɓar lambar lissafin yau da kullum ma, kuma 2102 a wannan lissafi daidai yake da 0x836, wata lamba dabam da ba ita kake nufi ba. Kullum ka sake duba show version kafin reload.

Mataki na uku: zaɓa mata IOS ɗin da za ta tashi da shi

In fayil ɗaya ne a filash, rauta za ta same shi da kanta. Magana na tasowa ne ranar da ka sa sabo kusa da tsoho. Ba ta san wanne ne sabo ba, wanda ta fara gani shi za ta ɗauka. Fara da ganin abin da ke ciki da sauran wurin da ya rage:

`Router# dir flash:`

In wuri ya isa, kwafo sabon daga sabar TFTP, wato kwamfutar da ke miƙa wa rauta fayil ta hanyar sadarwa, ko daga filashin USB:

`Router# copy tftp: flash:`

Za ta tambayi adireshin saba da sunan fayil. A kwamfutarka manhajar Tftpd64 ta wadatar a matsayin saba, sai dai ka tabbata katangar tsaron Windows ba ta toshe UDP 69 ba. Wasu tsofaffin manhajojin TFTP kan sare a megabait 32, fayilolin IOS na jerin 2900 kuwa sun wuce haka nesa ba kusa ba, don haka in kwafi na yankewa a wuri ɗaya kullum, canja manhajar saba.

Bayan kwafi, tabbatar fayil ɗin ya iso cikakke:

`Router# verify /md5 flash:c2900-universalk9-mz.SPA.157-3.M8.bin`

Sunan misali ne, ka sa naka. Kwatanta lambar da ta fito da wadda Cisco ta wallafa tare da fayil ɗin. Harafi ɗaya ya saɓa, goge ka sake kwafa. Ka kuma duba a show version ko RAM ɗin rautar ya kai abin da sabon IOS ke buƙata. Fayil lafiyayye a rauta mai ƙarancin RAM kan sa ta yi ta tashi tana faɗuwa.

Yanzu duba layukan da ke nan tun da:

`Router# show running-config | include boot system`

Rauta na bin layukan ne yadda aka jera su, kuma sabon layi a ƙasa yake sauka. In tsohon IOS na da layinsa, ka ƙara na sabo kawai, tsohon ne zai ci gaba da tashi, kai kuma kana mamaki. Sai ka share duka ka sake jerawa:

`Router(config)# no boot system`
`Router(config)# boot system flash:c2900-universalk9-mz.SPA.157-3.M8.bin`
`Router(config)# boot system flash:sunan-tsohon-fayil.bin`
`Router(config)# config-register 0x2102`
`Router(config)# end`
`Router# copy running-config startup-config`

Nan dole a adana, domin layukan boot system cikin saiti suke zaune, ba kamar rajista ba. Sunan fayil kuwa kada ka buga shi da hannu. Kwafo shi daga abin da dir ya nuna, saboda babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinta, kuma umarnin na iya shigewa da suna mai kuskure, sai wajen tashi asiri ya tonu. Layi na biyu shi ne madogararka: in sabon ya ƙi, ta koma tsohon. Kada ka yi gaggawar goge tsohon sai sabon ya yi kwanaki yana aiki.

Ana iya sa ta ɗauko IOS daga saba kai tsaye:

`Router(config)# boot system tftp sunan-fayil.bin 192.168.1.10`

Ba na ba da shawarar sa wannan a layin farko. Inda wuta ke yawan tafiya, saba da rauta tare suke mutuwa tare suke tashi, kuma rauta kan fara neman fayil tun sabar ba ta gama farkawa ba. A matsayin layi na ƙarshe, babu laifi.

A jerin 4000 masu IOS XE, sunan ma'ajiyar bootflash: ne. In an girka manhajar a warware, layin zai nuna `bootflash:packages.conf` maimakon fayil mai ƙarewa da .bin. Umarnin `show bootvar` zai nuna maka abin da za ta tashi da shi da kuma rajista a wuri ɗaya.

Bayan reload, show version zai nuna layin `System image file is`, a nan za ka ga wanda ya tashi da gaske.

Idan kalmar sirri ta ɓace

Wannan ne aikin da ya sa kowa ya san 0x2142. Wanda ya saita rauta ya bar aiki, ko an sayo ta hannu a kulle. Ana yin sa ne a kan rautarka ko wadda mai ita ya ba ka izini.

Jona konsol, kashe rauta, kunna, ka aika Break a cikin daƙiƙa 60 na farko. A PuTTY, danna dama a saman taga, Special Command, sannan Break. A Tera Term, Alt da B. A minicom, Ctrl da A, sannan F. Kada ka aika sau ɗaya ka naɗe hannu, maimaita har ka ga:

`rommon 1 >`

Wasu adaftocin USB masu arha ba sa isar da Break ko kaɗan. Akwai dabaru biyu. Ta farko: mayar da saurin PuTTY 1200, kunna rauta, danne maɓallin tazara na daƙiƙa 10 zuwa 15, sannan ka rufe ka sake buɗewa a 9600. A wannan jinkirin sauri rauta kan ɗauki tazarar a matsayin Break. Ta biyu ta fi sauƙi a rautoci masu katin filash da ake zarewa, irin 1841, 2811 da 2911: kashe ta, zare katin, kunna. Ba ta ga IOS ba, dole ta tsaya a ROMMON. Sai ka mayar da katin.

`rommon 1 > confreg 0x2142`
`rommon 2 > reset`

A tsohuwar 2500 alamar `>` kaɗai za ka gani, umarnin kuma `o/r 0x2142` ne, sannan `i`.

Za ta tashi ta tambaya ko kana son shiga tattaunawar saitin farko. Ce no. Buga enable, za ka shige ba tambayar kalmar sirri, tunda saitin da ke ɗauke da ita ba a karanta shi ba. Yanzu ka natsu, domin umarni na gaba yana da ɗan'uwa mai kama da shi wanda ke kashe aiki:

`Router# copy startup-config running-config`

Daga startup zuwa running. In ka juya su, ko hannunka ya saba ya buga `write memory` a wannan gaɓa, ka shafe saitin duka. Da kwafin ya yi, sunan rautar zai koma na da, kai kuma kana ciki da cikakken iko. Canja abin da ya ɓace:

`R1# configure terminal`
`R1(config)# enable secret sabuwar-kalma`

In akwai kalmar sirri a line console 0 ko line vty, layukan shiga daga nesa, ko sunayen masu shiga da aka yi da username, gyara su yanzu. Sannan duba ƙofofi:

`R1(config)# do show ip interface brief`

Za ka tarar da su administratively down. Dalili shi ne rauta in ta tashi ba saiti, a rufe take barin ƙofofinta, saitin da aka adana kuma ba ya ɗauke da layin no shutdown, don haka kwafin bai buɗe su ba. Shiga kowace ƙofa da ake amfani da ita:

`R1(config)# interface GigabitEthernet0/0`
`R1(config-if)# no shutdown`
`R1(config-if)# exit`

In ka adana ba ka buɗe su ba, rufewar ce za ta shiga startup-config. Bayan haka:

`R1(config)# config-register 0x2102`
`R1(config)# end`
`R1# copy running-config startup-config`
`R1# reload`

Kada ka naɗe kebul sai ta tashi, ka shiga da sabuwar kalmar, ka ga 0x2102 da idonka.

Duk wanda ya isa gaban rautarka da kebul zai iya yin wannan cikin 'yan mintoci, don haka kwaɗon ɗakin da take yana cikin tsaronta. Akwai umarnin `no service password-recovery` da ke toshe hanyar. Wanda ya aika Break bayan an sa shi, zaɓin da za a ba shi kawai shi ne a goge saitin duka a koma na masana'anta. Yana da amfani ga rautar da ke wurin da ba naka ba, amma kada ka sa shi sai kana da kwafin saitin a wani wuri.

Idan allo na nuna shirme, ko bai nuna komai ba

Fitilun rauta na ci, fanka na juyawa, amma PuTTY na zubo haruffa marasa ma'ana. Kusan kullum sauri ne bai dace ba. Ga yadda lambobin ke tafiya idan sauran bit suna yadda aka saba:

0x2102 sauri 9600, 0x2122 sauri 19200, 0x2922 sauri 38400, 0x3122 sauri 57600, 0x3922 sauri 115200. Na ƙasa kuma: 0x2902 sauri 4800, 0x3902 sauri 2400, 0x3102 sauri 1200.

Rufe PuTTY ka sake buɗewa da wani sauri, ka danna Enter. Fara da 115200, don shi aka fi bari, sannan 19200, 38400, 57600, kafin na ƙasa. Da rubutu ya fito sarai ka samu. A jerin 1800, 2800 da na bayansu, IOS ba ya yarda a canja bit ɗin sauri da config-register. Ta layin konsol ake bi:

`Router(config)# line console 0`
`Router(config-line)# speed 9600`

Da ka danna Enter allo zai daskare, don rauta ta koma 9600 kai kana tsohon sauri. Sake buɗe PuTTY a 9600 ka adana. In a ROMMON kake, `confreg 0x2102` da `reset` sun isa, kuma a can kowace lamba heksa ake ɗaukarta.

Idan ta tsaya a rommon ta ƙi wucewa

Dalili biyu ne: ko rajista ta ƙare da 0, ko babu IOS mai lafiya. Buga `confreg` shi kaɗai, zai nuna maka yadda take, ya tambaya ko za ka canja, ka ce n. In filin tashi ne matsalar, `confreg 0x2102` da `reset`. In ba shi ba ne, duba filash:

`rommon 1 > dir flash:`
`rommon 2 > boot flash:sunan-fayil.bin`

A ROMMON na jerin 1900 da 2900 sunan filash flash0: ne. In ta tashi da wannan, fayil ɗin lafiya lau, layin boot system ne ke da kuskure, sai ka gyara daga ciki. Waɗannan jerin suna iya tashi daga filashin USB ma, da `boot usbflash0:` haɗe da sunan fayil, in an tsara filashin da FAT.

In filash fanko ne ko fayil ya lalace, jona kwamfutarka da ƙofa ta farko, FastEthernet0/0 ko GigabitEthernet0/0, ka ba kwamfutar adireshi na dindindin, a ce 192.168.1.10, ka kunna sabar TFTP. Sannan:

`rommon 1 > IP_ADDRESS=192.168.1.1`
`rommon 2 > IP_SUBNET_MASK=255.255.255.0`
`rommon 3 > DEFAULT_GATEWAY=192.168.1.10`
`rommon 4 > TFTP_SERVER=192.168.1.10`
`rommon 5 > TFTP_FILE=sunan-fayil.bin`
`rommon 6 > tftpdnld -r`

Manyan haruffa ne dole, kuma babu tazara a gefen alamar daidai. Ko da saba na kan layi ɗaya da rauta, sai an cike DEFAULT_GATEWAY. Umarnin `set` zai nuna maka abin da ka shigar. Ka lura da `-r` ɗin nan: yana sa a ɗora IOS a RAM kawai a tashi da shi, ba a taɓa filash ba. In ka buga tftpdnld ba shi, za ta gargaɗe ka cewa duk abin da ke filash zai tafi, kuma da gaske take. Na fi son a tashi da -r, in IOS ya hau sai a yi `copy tftp: flash:` a natse, a ga abin da ake gogewa da abin da ake bari.

Tsofaffi irin 2600 suna da xmodem, wato tura IOS ta kebul ɗin konsol kansa. Hanyar ƙarshe ce. A sauri 9600 kusan bait 960 ke wucewa a daƙiƙa, fayil mai megabait 30 zai ci wajen awa 9. A 115200 lissafin ya sauko wajen minti 45, ko da yake a aikace ya kan ɗara haka. Saboda wannan ne masu gyara ke ɗaga sauri zuwa 0x3922, in sun gama kuma wasu su manta.

Mai koyo da ba shi da rauta a hannu zai iya gwada yawancin wannan a Packet Tracer, manhajar Cisco da ke kwaikwayon rauta a kwamfuta. Kashe rautar ta maɓallinta, kunna, ka danna Ctrl da C yayin da alamun # ke gudu a allo, za ka faɗa rommon. Gwada 0x2142, gwada 0x2100, ka kuma juya umarnin copy da gangan sau ɗaya don ka ga abin da yake yi.

Suwic kuwa, na'urar da ke haɗa kwamfutocin cikin ofis da juna, kada ka kai masa wannan lissafi. Catalyst 2960 zai nuna maka 0xF a show version, kuma haka yake, ba kuskure ba ne. In kalmarsa ta ɓace, ana danne maɓallin Mode ne yayin jona wuta har a ga `switch:`, a buga `flash_init`, a canja wa fayil ɗin config.text suna da `rename flash:config.text flash:config.old`, sannan `boot`. Bayan ya tashi a mayar wa fayil ɗin sunansa, a kwafe shi zuwa running-config, a canja kalmar, a adana.